Ɗaukar Hoto: Baiwa ce ko Koyo?

Ƴan uwa ɗaliban yaƙi da jahilci na Tanut da Belbeji,

Yau da yawanku suna da salula mai ɗaukar hoto. Wani ya ɗauka ya yi kyau, wani ya ɗauka ya fito baƙi ƙirin. Sai ka ji an ce, wane Allah ya ba shi, ni bai ba ni ba. To, haka ne?

Ku ji labarin Malik Sidibe, mutumin Mali. A ƙauyen Soloba aka haife shi, ya tashi yana kiwo kamar yaranmu na Damargu. Ido ɗaya gare shi mai gani. Tun yana ɗan lakkwal aka ga ya iya zane. Wannan ita ce baiwarsa. Amma zane dabam, hoto dabam. A 1955 ya shiga koyon aiki a shagon wani Bafaranshe mai hoto a Bamako. A 1956 ya sayi akwatin hoto nasa na fari. Ya yi ta ɗaukar samari da ƴan mata wurin biki, ya koyi har gyaran akwatin. A 2007 aka ba shi babbar lambar girma a birnin Banis na Italiya. Ya rasu a 2016.

Baiwa kamar irin hatsi take. In ba a shibka ba, ba a yi noma ba, rumbu ba ya cika.

Ga abu huɗu da kowa zai iya koya. Na ɗaya, hoto haske ne: ka ba rana baya, haskenta ya faɗa kan abin da kake ɗauka. Na biyu, ka ɗauka da safe ko bayan la'asar, don ranar tsaka tana sa inuwa a fuska. Na uku, ka share ƙura daga idon salula, balle lokacin hunturu. Na huɗu, ka riƙe da hannu biyu, ka tsaya cik.

Amfanin a fili yake. In za ka aika hoton ragonka ga mai saye a Damagaram, hoto mai duhu zai rage masa kuɗi. Kuma kada ka ɗauki mutum sai ya yarda.

Bara wasunku ba su san baƙi ba, bana suna karanta wannan takarda. Hoto ma haka yake, da rarrafe yaro kan tashi. Kowa ya ɗauki hoto uku, ya kawo aji mu duba tare.

Allah ya kai mu mako mai zuwa.