Daga Dajin Ɗansoshiya Zuwa Tsakar Gidajenmu: Ina Tsuntsaye Za Su Sauka?

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya daga Kano, ya ratse a Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ya san cewa a wannan yanki na kudu ne ɗan abin da ya rage wa Jihar Kano na daji yake. Ga dajin Ɗansoshiya a ƙasar Kiru, ga madatsar ruwan Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, sannan ga Falgore, wanda Turawan mulkin mallaka suka keɓe a shekarun 1940 da sunan dajin Kogin Kano, kafin a mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960. Haka nan matafiyin ya san abin da idonsa ke gani a gefen titi, wato tarin itace da buhunan gawayi suna jiran motar da za ta kwashe su zuwa birni.

A 2020 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta buɗe rukunin farko na gidajen ruga a Ɗansoshiya, a 2024 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauko maganar madatsar ruwa da noman rani a can. Ba ni da ja da ko ɗaya, domin makiyayi na buƙatar matsuguni, manomi kuma na buƙatar ruwa. Sai dai kowane aiki daga jikin dajin nan ɗaya yake yankar rabonsa, kuma mazauna dajin na asali ba su da wakili a majalisa. Gwanki da ɓauna sun fi ƙarfin tsakar gidan kowa, wannan aikin hukuma ne. Amma ƙananan halittu irin su kurciya da cilakowa da ƙudan zuma da bushiya, waɗannan kam ina ganin rabin maganarsu tana hannunmu, mu ma'aikata da 'yan kasuwa da muke gina gidaje a Kano da garuruwan iyayenmu.

Mai karatu ya tuna gidan da ya tashi a ciki. Da wuya a rasa ceɗiya ko durumi a ƙofar gida, ga tsamiya a bayan danga, ga lalle da zogale a gefen rijiya, ga kaskon ruwan kaji wanda tsuntsayen gari ma nan suke sha. Shamuwa takan dawo daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, kuma babu yaron da ke jifanta. Yau idan ɗayanmu ya samu fuloti, abin da yake fara yi shi ne sare duk bishiyar da ya tarar, ya zagaye da katanga, ya malale tsakar gida da siminti ko intalok daga bango zuwa bango. Sai watan Afrilu ya zo, daɓen ya ɗau zafi kamar tanda, a koma ana kukan wutar lantarki. Da damina kuma ruwan da ƙasa za ta shanye ya kwarara titi ya cika kwalbati.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa don tsuntsu ya rasa wurin sauka? Amsar tana cikin tukunyar miyarmu. Furen kuka da dare yake buɗewa, kuma jemage ne kan gaba wajen ɗaukar masa ƙurar fure daga wannan bishiya zuwa waccan. Tutun ɗorawa ma jemagu da ƙudan zuma ne ke yi masa wannan hidima, in babu su kalwa ta yi ƙaranci, daddawa ta yi tsada. Kaɗanya ta fi yin 'ya'ya inda zuma ke da yawa. Wani bincike da aka yi a Ghana, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa jemagen nan mai cin 'ya'yan itace yana iya kai iri nisan kilomita 75 daga inda ya ci shi. Ashe halittar da muke kora da gwafa ita ce ke dasa mana daji ba tare da an ware mata ko kwabo a kasafin kuɗi ba. Kuma kada a ɗauka abin da yake da yawa ba ya ƙarewa. Wa ya taɓa zaton za a nemi ungulu a mayanka a rasa? Ga shi tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun garuruwanmu cikin jerin masu gab da ɓacewa.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin tayil ɗin falo ɗaya ba. Na farko bishiya, kuma ta gida, domin tsuntsunmu da ƙwaronmu ita suka sani. Mai fili babba ya dasa ɓaure ko ceɗiya ko ɗinya, nesa da gini saboda saiwa. Ita ceɗiya ma reshe kawai ake kafawa da damina ta kama. Mai ƙaramin fuloti ya wadatu da magarya da zogale da gwandar daji, ya ja layin lalle a jikin katanga. Wanda ke da gona ko fili a ƙauye kuwa ba sai ya sayi dashe ba. A jihar Maradi, tun daga 1983, manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato a bar tohon kututturen da ke cikin gona, a rage rassansa a bar masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ƙasar da ba ta samun ruwan sama irin na Doguwa.

Sai ruwa. Daga Fabrairu zuwa Mayu ƙishi ya fi yunwa wahalar da tsuntsu. Kasko marar zurfi a inuwa ya isa, a jefa 'yan duwatsu a ciki don zuma ta samu wurin tsayawa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa shayar da mai rai sadaka ce, haka ma abin da tsuntsu ya ci daga dashen mutum. A kuma bar kusurwa guda ba daɓe, ganye ya zuba ya ruɓe a wurin, a ɗaga mata ƙafa daga maganin feshi, wanda ba ya bambanta sauro da zuma.

Na san abin da uwargida za ta ce, kuma tana da gaskiya: sauro da maciji fa? Ƙwan sauro yana buƙatar kamar mako guda a ruwa kafin ya zama mai cizo, saboda haka kaskon da ake zubarwa a wanke duk bayan kwana biyu ba zai haifar da shi ba. Tsohuwar taya da toshasshiyar kwata su ne gidansa. Maciji kuwa ɓera yake bi, ɓera kuma shara da zubabben hatsi da tarin bulo yake bi. A nesanta kusurwar da ɗakunan kwana da wurin wasan yara, a riƙa rage ciyawar. Babbar mai maganin ɓeran ita ce mujiya, wadda ke cin ɗaruruwa a shekara, amma da ta yi kuka a kan katanga sai a ce mugun abu ne a tashi yara su jefe ta. Na sha jin wannan magana daga bakin masu digiri.

Matsala ɗaya da mai niyya zai ci karo da ita ita ce samun dashen. Masu sayar da furanni a bakin titunan Kano sun fi ajiye na ado da aka kawo daga waje, saboda su ake tambaya. Wanda ke son ɗorawa ko ɗinya ko kanya, ya yi sallahu ga 'yan uwa a Kiru ko Tudun Wada su tara masa iri, ya shuka a leda tun watan Afrilu, ya dasa a Yuli idan ƙasa ta jiƙu sosai, ya kuma kewaye shi da ƙaya ko waya saboda awaki.