Yaron Mota da Haɗurran Sana'arsa

Gabatarwa

Idan gingimari ta faɗi, hankalin jama'a yakan koma kan direba da kayan da aka yi hasara. Ba safai ake tuna yaron mota ba, wanda Bahaushe ke kira karen mota. Wannan suna kansa ya isa ya nuna matsayin da aka ba shi. Manufar wannan 'yar takarda ita ce ta bayyana yadda yake samun rauni a bakin aiki, da abin da ke biyo baya.

Hanyoyin Samun Rauni

Na farko shi ne sa waigi. In mota mai nauyin kaya ta kasa hawan tudu, yaro ne zai diro ya cusa katako a bayan taya. Ko kaɗan ta sulale, sai ta taka masa hannu ko ƙafa. Na biyu shi ne shiga ƙarƙashin mota wajen gyara, inda jak kan goce saboda taushin ƙasa. Na uku kuwa zama ne a bisa lodi, domin da direba ya taka birki da ƙarfi, sai ya faɗo. Akwai kuma mai kwana a inuwar tirela, direba ya tayar da asuba bai duba ba.

Magani da Diyya

Yawancin masu karaya wurin maɗori ake fara kai su. Maɗori kan iya da targaɗe da tsagewar ƙashi, amma in ƙashi ya fasa fata, ko ɗauri ya matse har jini ya daina gudu, naman yakan ruɓe. Sai a kai mutum asibitin ƙashi, irin na Dala a Kano, bayan lokaci ya ƙure, a yanke gaɓar.

Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF. To, amma yaron mota ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da tsayayyen albashi sai abin da maigidansa ya miƙa masa. Saboda haka yakan tashi a tutar babu.

Kammalawa

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Duk da haka, lalataccen birki da lodin da ya wuce kima aikin mutum ne. Ya kamata ƙungiyar direbobi ta NURTW ta rubuta sunan kowane yaron mota a tasha, domin in ya ji rauni a san wanda za a tuhuma.