Gargaɗi Ga Masu Jinyar Wanda Ya Samu Rauni A Laka

A yi hattara, jama'a! Matashin da ya yi hatsarin babur, ko ya faɗo daga bishiya, ko rami ya rufta masa, lakarsa ta taɓu har ƙafafu suka shanye, idan ya tsallake makonnin farko, sau da yawa ba karayar ce ke ajalinsa ba. Abin da ke faruwa a ɗaki ne, bayan an sallamo shi 'yan dubiya sun watse.

Babban abokin gaba shi ne gyambon kwanciya. Wanda ba ya jin jikinsa ba zai ce muku "nan na yi mini zafi" ba. Idan ya daɗe a kan gefe ɗaya, jini kan daina isa fatar da ke matse tsakanin ƙashi da katifa, naman ya fara mutuwa, wani lokaci tun daga ciki, kafin ido ya gani. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, har cikin dare, ko da za a raba kwana tsakanin 'yan'uwa. Kullum a duba ɗuwawu da kwankwaso da dunduniya. Wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi tauri, ko ya ɗau ɗumi, kada a sake kwantar da shi a kai, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Ban da barbaɗa toka ko garin magani. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da kaskon wuta kusa da ƙafa lokacin hunturu, don zai ƙone ƙurmus bai sani ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1944 likita Ludwig Guttmann ya karɓi sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila, a zamanin da gyambo da ciwon mafitsara ke kashe yawancinsu. Juyi a kan lokaci da kula da fitsari ne suka sauya lamarin, har marasa lafiyarsa suka fara gasar da ta haifi wasannin nakasassu na duniya.

Wasu iyaye kan rage wa yaro ruwan sha don kada ya jiƙa shimfiɗa. Ku daina, ƙodarsa kuke kashewa! A canja robar fitsari a lokacin da likita ya ce. Zazzaɓi tare da fitsari mai wari ko gurɓatacce, asibiti ne a ranar.

Idan raunin a wuya yake ko saman baya, kuma kwatsam kansa ya hau sara, gumi ya keto masa a fuska, hanci ya toshe, ba iska ba ce. Jini ne ya hau farat ɗaya, yawanci saboda roba ta toshe ko bayan gida ya taru, kuma yana iya kisa. A zaunar da shi, a sassauta masa tufafi, a duba ko robar ta lanƙwashe. Bai lafa ba, a garzaya da shi.

Mai ɗori kuwa, kada a bari ya ja wuya ko ya murza gadon baya, ɗan motsin da ya rage ma sai ya tafi. Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano da na Shika suna da masu gashin ƙashi da suka karanci aikin.

Kada kuma a mayar da ɗaki kurkukunsa. A nemo masa keken guragu da matashi mai laushi, a gyara dokin ƙofa da banɗaki, ya koma karatu ko sana'a. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a 2019 tana bayansa. Idan ya daina cin abinci, ko kuka ji ya ce gara ya mutu, "yi haƙuri" kaɗai ba ta wadatar ba. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna daga kusa da shi, a sanar da likitansa a ranar.