Kwale-kwalen Ceto da Jiragen da Guguwa Ta Yasar

A ranar 29 ga Agustan 2005 mahaukaciyar guguwar Katrina ta afka wa jihar Louisiana a kudancin Amurka. Ganuwar da ke tare ruwa ta ɓalle a wurare da dama, ambaliya ta shanye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans. Jama'a suka maƙale a kan rufin gidaje, jiragen ceto na hukuma kuwa ba su wadatar ba. Sai wani ɗan majalisar dattawan jihar, Nick Gautreaux, ya yi shela cewa duk mai kwale-kwale ya fito a hallara a garin Lafayette. Ɗaruruwa suka amsa, akasarinsu masunta da maharban agwagwar ruwa. Su ne aka yi wa laƙabi da Cajun Navy, kuma sun tsamo dubban mutane.

Abin da ya sa suka yi tasiri shi ne irin kwale-kwalensu. Gindinsa a shimfiɗe yake, an ƙera shi ne don fadama, ko ruwa iya gwiwa ne zai wuce. A titin da motoci da shingaye suka nutse ba a ganinsu, babban jirgi ba ya da wani amfani. Da guguwar Harvey ta zubo wa birnin Houston ruwa a 2017, sun sake fitowa, wannan karon da manhajar Zello a wayoyinsu: wasu na zaune a gida suna karɓar kiran neman agaji, suna tura adireshi ga masu tuƙi. Aikin ba wasa ba ne. A Houston ɗin wasu 'yan sa-kai sun rasa rayukansu lokacin da ƙarfin ruwa ya ja kwale-kwalensu zuwa ga wayoyin lantarki. Shi ya sa hukumomi ke nacewa a yi rajista da su tukuna. Wanda ya taho ba mai, ba guzuri, shi ma nauyi yake zama.

Idan ruwa ya janye, 'yan jarida suka tattara nasu ya nasu, sai wani aikin ya taso wanda ba ya shiga labarai sosai. Guguwa ba ta barin jirage inda aka ɗaure su. An ƙiyasta cewa guguwar Sandy ta lalata ko ta salwantar da jiragen shaƙatawa sama da 65,000 a 2012. Bayan guguwar Ian ta ratsa Florida a Satumban 2022, an wayi gari jiragen masu kamun jatan lande na yankin Fort Myers Beach suna jibge a tudu, wani kan wani, sai da aka kawo manyan injinan ɗaga kaya aka mayar da su ruwa ɗaya bayan ɗaya.

A nan kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa. Jirgin da ya faɗo harabar gidanka bai zama naka ba, yana da mai shi, wataƙila da kamfanin inshora a bayansa. Ana gano mai jirgin ta lambar rajista ko lambar da aka buga a jikin jirgin ta baya. Man da ke tsiyaya daga tanki da baturan da suka jiƙe aikin dakarun tsaron gaɓar teku ne da ƙwararru. Ɗan sa-kai nasa shi ne ɗaukar hoto, rubuta lamba, kwashe tarkace, da taya masunci yashe laka daga cikin jirginsa.

Injin jirgi shi ne ba ya jira. Muddin yana nutse, tsatsa a hankali take cin sa, amma da an fito da shi ya sha iska sai ta kama gadan-gadan. Don haka makanikai ba sa ɗago shi sai sun shirya: a wanke da ruwan daɗi, a cire fulogi a fitar da ruwan da ya shiga ciki, a sauya baƙin mai sau da yawa, a tayar da shi da wuri. Wayoyin da ruwan gishiri ya taɓa kuwa, galibi sai sababbi.

Mafi ciwon kai su ne jiragen da ba su da inshora. Kuɗin ɗagawa kan fi darajar jirgin, sai mai shi ya yi ɓatan dabo. Yawancinsu da roba mai zaren gilashi aka ƙera su, ba sa ruɓewa, sake sarrafa su kuma akwai tsada. A ƙarshe gwamnatin jiha ce ke biyan 'yan kwangila da kuɗin haraji su tsotse man, su farfasa gangar jikin, su kai juji.