Hular da ta shekara uku a cikin kwalla

A hutun da ya wuce na je Kusada gaishe da kakata. Ina neman zanin da zan ɗaura, sai na buɗe wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gadonta. Abin da na fara cin karo da shi hula ce rabi da rabi, allura na soke a jikinta har ta yi tsatsa ta ɓata yadin. Na gane ta nan take. Ni na fara ta ina aji biyar na sakandare a Kankiya, da niyyar Baba ya sa ta ranar Ƙaramar Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wasu ma sun biyo bayanta, hula tana nan inda na bar ta.

Iya ta dube ni ta yi dariya. Ta ce, "Kishiya, ashe kin gamu da bashinki. Ɗaga ƙasa ki ga nawa." Da na ɗaga sai ga shimfiɗar da take haɗawa da ƙyallayen da teloli ke zubarwa, ita ma ta tsaya a tsakiya. Ga rigar sanyi ta jariri da wata ƙanwar Babana ta fara saƙawa, hannu ɗaya babu, yaron da aka yi wa kuwa yanzu yana firamare.

Na san da yawa daga cikinku kuna da irin wannan kwalla, ko da a cikin jakar makaranta ce. A garuruwanmu na Kankiya da Kusada ɗinkin hannu ba baƙon abu ba ne. Matan aure na ɗinka hula a cikin gida, samari na zama a inuwa da allura da zare, 'yan mata na yi wa zanin gado da rigar matashi ado. Da shi wasu ke sayen sabulu da littafi. Tunda abin nema ne, me ya sa ake farawa da zumuɗi a watsar a hanya?

Dalili na farko shi ne ba mu iya lissafin lokaci ba. Ranar da mai zane ya miƙo maka yadin hula da zanensa, gani za ka yi mako biyu ya isa. Ba ka sa ranar da za a aike ka ba, da ranar zazzaɓi, da ranar da za a ɗauke wuta. Wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. A 1994 wasu masana a Kanada, Roger Buehler da abokan aikinsa, sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su kafin su gama rubutun bincikensu na ƙarshe. Matsakaicin abin da suka faɗa kusan kwana 34 ne, amma sai da suka kwashe kusan kwana 55. Idan ranar da ka sa wa kanka ta wuce, gwiwa sai ta yi sanyi. Ni da na ga Sallah ta wuce, sai na ji hular ba ta da sauran amfani.

Na biyu, daɗin aiki a farkonsa yake. Zaɓen zane, haɗa launi, fitar da fure na farko, duk akwai nishaɗi. Amma hula zagaye take, zanen da ka yi sau ɗaya shi za ka yi ta maimaitawa har ka dawo inda ka faro. Tsakiyar nan ita ce ke cinye mutane. A nan ne za ka ga sabon zane a kan wani a masallacin Juma'a ko a Facebook, zuciya ta ce wannan ya fi. Ka ajiye tsohon ka ɗauki sabo, alhali taura biyu ba ta taunuwa.

Na uku kuɗi ne, kuma shi ne ya tsayar da rigar sanyin nan. Yawancin masu koyo ba sa sayen zare gaba ɗaya, sai dai kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya shigo hannu. Idan ya ƙare aka koma kasuwa, ana iya tarar da launin ya ƙare, ko kuma an kawo wani mai suna ɗaya amma ya ɗan fi duhu, domin ba rini ɗaya aka yi masu ba. A jikin hula bambancin nan fitowa yake fili, mai saye kuma zai gani. Ga tsada: tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan da ake shigowa da su sun tashi. Wanda ya karɓi kafin alƙalami a kan tsohon farashi sai ya ga idan ya ƙarasa aikin faɗuwa zai yi, sai ya yi ta ja wa mai kaya rai.

Na huɗu shi ne kuskure. Wannan shi ne ainihin abin da ya same ni, sai da na zauna da hular a hannu na tuna. Na tsallake layi a wani wuri, ban lura ba sai da na yi nisa. Gyaran yana nufin in warware aikin kwana huɗu. Warwara ta fi ɗinki ciwo, domin kana kallon wahalarka tana komawa zare. Na ce gobe zan yi. Kunya kuma ta hana ni nuna wa wadda ta koya mini.

Na biyar, jiki da hidimar gida. Ɗinkin hula aikin ido ne. Wanda ke yi da daddare da hasken waya ba ya daɗewa ido ya fara ruwa, wuya ya sanƙare. Iya ta ce abin da ya tsayar da shimfiɗarta ke nan, ramin allura ya daina ganuwa, jikar da ke zura mata zare kuma an yi mata aure. Ga damina, wadda ke kwashe samari zuwa gona. Ga jarrabawar WAEC da NECO, wadda dole a ba ta haƙƙinta.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka da Ingila akwai masu haɗa ƙyallaye su yi bargo mai ruɓi uku, yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya. Barin aiki a rabi ya yi masu yawa har suna da laƙabin barkwanci da suke kiran irin waɗannan barguna da shi. Tun a da matansu kan taru a gida ɗaya su gama bargon ɗayarsu, abin da mu muke kira gayya. Mu ma muna da irin wannan ɗinki tun zamanin yaƙi. Lifidin da kuke gani a jikin dawaki da mahaya ranar Hawan Sallah a Katsina yadi ne da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, don ya tare kibiya. Wanda ya ɗinka shi rabi ya sa rayuwar wani a haɗari.

Yau ba kibiya ake tarewa ba, amma akwai abin da ake asara. Akwai kuɗin yadi da zare da suka kwanta. Akwai suna: a gari kamar namu, inda kowa ya san kowa, idan aka ce wance ba ta gama aiki, maganar ta riga ta zaga. Akwai kuma nauyin zuciya. A 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Berlin ta ƙasar Jamus, Bluma Zeigarnik, ta ruwaito cewa mutanen da ta gwada sun fi tuna aikin da aka katse masu a kan wanda suka gama. Masana sun yi ta muhawara a kan binciken, amma ni dai na san duk lokacin da Baba ya sa hular kanti sai gabana ya faɗi.

Ga abin da na koya daga Iya da kuma kuskurena. Ka sayi zaren da zai isa tun farko, ko ka zaɓi ƙaramin aiki daidai kuɗinka. Duk kwanakin da ka ƙiyasta, ka ƙara rabinsu kafin ka yi wa wani alƙawari, aikin Sallah kuma a fara shi tun kafin azumi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware lokaci kaɗan amma kullum, da rana: minti 30 a kwana 30 awa 15 ke nan. Ka riƙa duba layinka kafin ka ajiye allura, ka kuma cire ta daga jikin yadi don kada ta yi tsatsa. Idan ka yi kuskure ka nuna wa wanda ya fi ka a ranar. Idan kuma ka tabbata ba za ka gama ba, ka mayar wa mai kaya kayansa da kuɗinsa, ko ka ba wani ya ƙarasa. Wannan ba abin kunya ba ne, ɓoyewa ce abin kunya.

Wannan magana ba ta tsaya a kan allura ba. Littafin lissafin da aka bari a babi na uku, da haddar da ta tsaya a izu goma, hanyarsu ɗaya da hulata.

Kafin in koma makaranta mun yi yarjejeniya da Iya. Kullum bayan la'asar ni zan zura mata zare, ita kuma ta sa mini ido in warware. Kwana biyu na yi ina warwara, tana yi mini tsiya. Shimfiɗarta ta ƙaru da layi shida. Hulata saura kai da haɗi, tabon tsatsar kuma mai wankin hula ya ce zai gwada. Baba bai sani ba tukuna. Ku ma idan kun koma gida yau, ku buɗe kwallarku ku ga abin da ke jiranku.