Gyaran Benci da Rumfa Kafin Ruwa Ya Sauka

Hunturu ya wuce, bazara ta kama. Yanzu ne zaman ɗaki ke gagara, kowa ya fito da abin zamansa waje, mai benci ya kai gindin darbejiya, mai tabarma ya shimfiɗa a rumfa. 'Yan kasuwa kuwa dama can a rumfa su ke wuni. To, makon nan za mu ɗan jingine maganar iri da taki, mu duba waɗannan kayan zama, domin abin da ya rage kafin hadarin farko bai fi 'yan makonni ba. A wajen Kaduna da Zariya ruwa ya kan fara tun ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi sai ƙarshen Mayu ko Yuni. Da ya sauka kowa zai nufi gona, ba mai sauran sukunin neman kafinta.

A Turai ƙanƙara da danshin sanyi ke lalata musu kujerun waje. Namu ya sha bamban. Mu bushewa ce ke fara aikin, sa'an nan ruwa ya zo ya ƙarasa.

Ga dalili. Katako ko an shekara ashirin da sare shi bai daina shan laima daga iska yana fitar da ita ba. A Kano laimar iska ta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watannin Fabrairu da Maris, amma a Agusta ta kan haura kashi 70. In iska ta bushe katako ya tsuke, in ta yi laima ya kumbura. Abin lura shi ne, a faɗi ya ke wannan motsi, a tsawo kusan ba ya motsawa ko kaɗan. Falankin da faɗinsa ya kai ƙafa guda zai iya raguwa da rubu'in inci ko fiye tsakanin damina da ƙarshen rani, alhali kuwa sandar da aka gitta a ƙarƙashinsa aka buga shi a kai tana nan yadda ta ke. Ɗaya na ja, ɗaya ya ƙi bi. Shi ya sa za ka ga falanki ya tsage daga inda ƙusa ta ke, ƙafar benci tana rawa, kujera tana ƙara in an zauna. Ba lalle ba ne laifin kafinta ne.

Saboda haka abu na farko, a share ƙurar hunturu, a kifar da bencin, a girgiza ko wace ƙafa. A yi hattara wajen kifarwa, don kunama na son ƙarƙashin benci da tabarmar da ta daɗe a naɗe, kuma zafin nan shi ne lokacin fitowarta. Inda ƙusa ta yi sako-sako, kada a sāke buga ta a raminta na dā, ramin ya riga ya buɗe. A cire ta, a cusa ɗan tsinken katako a ramin, ko kuma, abin da ya fi, a huda a sa noti wanda za a riƙa ɗaurewa duk shekara. In dole sai ƙusa, a ɗan dakushe bakinta da guduma, kada kuma a buga ta dab da ƙarshen falanki, domin busasshen katako nan da nan ya ke tsagewa. Farin gam ɗin nan na kafinta yana da kyau ga kayan ɗaki, amma galibinsa ba ya jure ruwa, kada a dogara gare shi ga abin da zai kwana waje.

Akwai kuskure guda da masu son aiki tsaf su kan yi. Mutum ya ga sarari ya buɗe tsakanin falankan teburinsa na kasuwa, sai ya matse su ya buga, ko ya cusa wani katako ya toshe. Da damina ta yi nisa falankan su kumbura, su rasa wurin zuwa, sai su yi doro su tumɓuke ƙusa. Wannan sarari a bar shi. Da kansa zai ragu, kafin nan kuwa ta nan ruwa zai riƙa zurarewa.

Babban abin tsoro shi ne gara. Ita daga ƙasa ta ke tasowa, tana kuma bukatar danshi, don haka da rani ba a cika jin ɗuriyarta ba. Shingen nan da yara ke kamawa bayan ruwan farko, su ne ke tashi su kafa sababbin gidaje. Ƙafar benci kuwa ita ce ƙofarta, don ƙarshen katako, watau inda zarto ya yanka, ya fi ko'ina shan ruwa, kamar lagwanin fitila. A ƙwanƙwasa ko wace ƙafa da bayan wuƙa. In ta yi amon holoƙo, ko an ga hanyar laka ta hau jikinta, to, an riga an shiga. A yanke inda ya ciwu tun bai kai sama ba, gajeren benci ya fi babu. Sa'an nan a ɗora ƙafafun a kan dutse ko bulo, a riƙa kuma gusar da bencin lokaci lokaci, don gara ba ta son abin da a ke motsawa.

Wanda zai sāke ƙafa ko dirkar rumfa ya dubi irin icen. Kirya da azarar giginya sun yi suna wajen gagarar gara. Kawo da loko su ma suna jurewa. Farin katakon nan marar nauyi mai araha, shi kam abincinta ne, bai dace da waje ba ko an shafe shi da me. Madobiya tana da kyau, amma ta yi wuya, don an sare ta da yawa ana kai wa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. Wanda ke da ita tsaye a gonarsa, shawararmu ya bar ta ta rayu. A galibin itatuwa kuma, cikinsu mai duhu ya fi na bayan mai haske ƙarko.

Gindin dirka da za a binne, a babbaka shi a wuta ya yi baƙi, ko a shafa masa maganin katako irin su Solignum. Mutane da yawa baƙin man mota su ke shafawa, yana kuwa taimakawa. Amma a tsaya a gindin dirka kaɗai. Kada ya taɓa wurin zama, ko turmi, ko kwamin dabbobi, kada kuma a zuba shi kusa da rijiya, don akwai guba a cikinsa.

Batun fenti, ba lokacin da ya fi yanzu, da ya ke katako ya bushe ƙarau, zai sha sosai. Sai dai a zaɓi ranar da babu hazo, a yi da safe cikin inuwa. Fentin da aka shafa da tsakar rana bayansa ke bushewa cikin bai bushe ba, daga baya ya yi bororo ya ɓare. A kankare tsohon da ya tashi, a shafa marar kauri sau biyu, a bar kwana guda a tsakani, a kuma cika wa ƙarshen katako da ƙasan ƙafafu, ko da ya ke ba mai ganinsu. Wanda zai lafta sabo a kan ƙura da tsohon ɓawo ya adana kuɗinsa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Tsohon fentin mai sau da yawa akwai dalma a ciki, don haka a jiƙa shi kafin a kankare, a kori yara daga wurin, a tattara garin a zubar da nisa. Dalma ba abin wasa ba ce ga yara. Ita ce ta kashe ɗaruruwansu a Zamfara a 2010, ko da ya ke a can daga duwatsun zinariya ta fito.

Wasu su kan shafa man gyaɗa ko man kaɗe don ƙyalli. Ba mu goyi bayan wannan ba. Ba sa bushewa, sai su kama ƙura, su ɓata riga, su jawo tururuwa da ɓera.

Kujerar ƙarfe aikinta kaɗan ne. A goge tsatsa da burushin waya har ƙarfen ya fito, a fara da jan fentin nan na hana tsatsa, sa'an nan a bi da mai launi. A dubi wajen walda da ƙasan ƙafafu, nan ruwa ke kwanciya. Kujerar roba kuwa rana ce ke kashe ta. In ka shafa ka ga farin gari a tafin hannunka, ta ƙone, tana iya karyewa da baƙo ba sallama. Malaman ofis da masu ba da hayar kujerun biki su tsame irin waɗannan tun yanzu, sauran kuma a jera su a inuwa.

Tabarmar kaba da asabari a kakkaɓe, a yayyafa musu ruwa kaɗan kafin a warware, in ba haka ba su kakkarye. Bayan amfani a rataye su, kada a jingine a ƙasa.

Saura rumfa da dakali. Hadarin farko da iska ya ke zuwa kafin ruwa, igiyar da ta sha hunturu kuwa ta bushe ta saki. A bi ko wane ɗauri da hannu, a sāke wanda ya ruɓe, a ƙara shuci inda rana ke ratsowa, zanar da ta kwanta a tā da ita a sa mata sabuwar sanda. Mai rufin kwano ya hau ya duba ƙusoshi, ya kuma sauke duwatsun da aka danne kwanon da su ya ɗaure da waya, don iska in ta ɗaga kwano har dutsen ta ke jefowa. Dakalin ƙasa a cike tsagarsa da sabon kwaɓi, in ya sha iska a yayyafa makuba a daɓe. A duba kuma inda indararo ke zuba. In a kan dakalin ne ko kusa da gindin dirka, a shimfiɗa duwatsu a wurin, a yanka 'yar hanya da fartanya wadda za ta kai ruwan kwata.