Kason Jihohi da Gurbin Karatun Likita: Ina Rabon Ɗan Dandume?

Jami'o'in Gwamnatin Tarayya a Najeriya gida uku suke raba guraben ɗaukar ɗalibai. Kashi 45 cikin 100 na wanda ya fi maki ne, ko daga ina ya fito. Kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take yi wa hidima ne, sauran kashi 20 kuma na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Jihohin nan 23 ne. Katsina na ciki, da Kano da Jigawa da Zamfara, har da wasu na kudu irin su Bayelsa da Ebonyi. Tsarin ya dace da manufar damawa da kowane sashe na ƙasa wadda take cikin kundin mulki na 1999.

Daga nan wata magana ta samo asali, wadda take tashi duk shekarar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ya fito: wai ɗan Arewa ko da ɗan ƙaramin maki ne sai ya samu likitanci, tunda akwai kaso. A kudu ana faɗinta da gori. Abin takaicin shi ne a Dandume da Funtua na jihar Katsina ma iyaye sun hau kai sun zauna. Uba ya ji a rediyo an tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a a kan 140 cikin 400 a 2024, ko 150 a 2025, ɗansa kuma ya ci 190, sai ya fara karɓar barka. Alhali wannan adadi ƙofar gari ce kawai. Ƙofar sashen likitanci tana can ciki, kuma jami'a ce take yanke nata makin, nesa da wancan.

Dalilin kuwa shi ne kujerun a ƙirge suke. Hukumar kula da aikin likita ta ƙasa, MDCN, ita take ƙayyade wa kowace makarantar likitanci yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta. Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika ba ta da ikon ƙara kujeru don kawai masu nema sun yi yawa, haka ma Bayero a Kano da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A ce kujeru 100 ne a wani sashe: 20 ne za su faɗa kason jihohin da ke baya, jihohi kuwa 23, ko ɗaya-ɗaya ba su isa ba. Buhun taki guda ne aka ajiye wa unguwa. Motar Funtua ce ranar kasuwar Dandume, ko direban ɗan'uwanka ne, in ta cika ta cika. A kashi 35 na yanki ma ba sauƙi, domin yankin Jami'ar Ahmadu Bello ya haɗe jihohin Arewa, ɗan Katsina zai kara ne da na Kaduna da Kwara da Filato.

Babban giɓin yana wani wurin da ba a cika tattaunawa ba. Kason jiha ya sani, bai san ƙauye ba. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ita ce hujja, don haka yaron da ya tashi a Abuja ko Kaduna, ya yi makarantar kuɗi mai ɗakin gwaje-gwaje, da shi da ɗan manomin da ya yi sakandaren gwamnati a Dandume, layi ɗaya suke a matsayin 'yan Katsina. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB. Akwai yaron da damina ta cinye masa rabin zango a gonar masara, ya haddace sunayen sinadarai daga allo bai taɓa zuba su a kwalba ba, ranar jarrabawa ya zauna gaban kwamfuta yana laluben haruffa da yatsa ɗaya, lokaci yana tafiya. Matsalar tsaro ta ƙara nata: sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya sa an rufe makarantu, karatu ya tsaya. Jami'an da suke kare kaso a bakin makirufo ya kamata su fara da tura malaman Fiziks da Kimistiri zuwa irin waɗannan makarantu.

Ba Najeriya kaɗai ake wannan jayayya ba. A Amurka, shari'ar Allan Bakke ta 1978 a kan makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ce, wadda ta keɓe kujeru 16 cikin 100 ga tsiraru. Kotun Ƙoli ta soke keɓewar, amma ta bari a riƙa duba launin fata tare da sauran ma'aunai, har zuwa Yunin 2023 da ta hana wannan ɗin ma. Can launin fata aka riƙa dubawa, nan jiha ake dubawa.

Sharuɗɗan shiga likitanci a Najeriya kuwa ba ruwansu da kaso. Dole mai nema ya rubuta Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks a JAMB, ya kuma samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, waɗannan huɗun da Lissafi, makarantu da dama kuma a zama ɗaya suke so. Yara da yawa a wurin cike fom suke faɗuwa, idan aka bar wa mai shagon intanet zaɓen darussa. Wanda bai samu ba yana iya bi ta makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua, ko ya yi jarrabawar IJMB ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, ko da yake can ma guraben kaɗan ne. Bayan an shiga, shekara shida ce, kuma takardar jarrabawa iri ɗaya ake raba wa kowa. Wanda bai kai makin da ake nema a ajin farko ba, sau da yawa wani sashen ake mayar da shi, ko ta wane kaso ya shigo.